Ramin da Na Haƙa wa 'Yan Dutse

Alhamis, 16 ga Maris, 2023

Yau ni kaɗai na dasa itatuwa bakwai a gidan Hajiya Rumasa'u, can Summerfield, gefen garin Greensboro, nan ƙasar Turawa. Patorona, wato maigidana a wurin aiki, Oga Malachy, matarsa ta fara naƙuda tun da safe, ya sauke ni da kaya ya juya asibiti. Malam Zubair, wanda muke aiki tare, yana wani gida a Sedgefield yana aske shinge.

Itacen sunansa birch. Ba irin na bakin rafi da ake gani ko'ina a Greensboro ba, wannan na kan tsauni ne, daga can yamma aka kawo su. Ɓawonsu fari-fari, yana ɗayewa kamar takarda. Ni 'yan dutse nake ce musu. Hajiya nas ce. Ta ce farkon zuwanta ƙasar nan shekara shida ta yi aiki a wani gari cikin tsaunukan, irinsu ne a bakin tagarta. Oga ya gaya mata ba sa son zafin garin nan. Ta ce, "Malachy, ni ma ba son shi nake ba, ga ni zaune."

Kafin Oga ya tafi sau biyu ya maimaita mini: arewacin gida, inda inuwa take. Rami kada ya yi zurfi. "Ka ɗora su sama-sama, Younoussa, kamar tudun doya."

Na ce to. A raina dariya na yi. Itace a kan tudu? Mutumin Kafanchan, wanda ruwan sama ke bi har ɗaki, me ya sani game da ƙishirwar itace? Mu a garinmu Badagishiri tassa muke yi. Ka haƙa rami, ka zuba taki, ka sa shuka a ƙasa-ƙasa, duk ɗigon da ya faɗo ya gangaro wurinta. Da tassa Baba ya tayar da faƙon da ko akuya ba ta tsayawa a kansa, har mutanen furoje, masu aikin raya karkara, suka zo ɗaukar hotonsa. Lakwal, wato boko, ban yi nisa ba, amma tun ina shekara takwas nake haƙa tassa.

Don haka na yi musu irin namu. Rami har gwiwa, takin doki a ciki, itace a ƙasa. Sai na cika kwarin da niƙaƙƙen ɓawon itacen nan da ake barbazawa, na tula shi har ya yi tudu. Wanda ya gani zai ce yadda Oga ya ce aka yi. In sun yi kyau sai in yaye in nuna masa.

Biyar na yi haka. Biyun ƙarshe, can sama kusa da shinge, diga ta ci karo da ɓaraguzan gini, ni kuma na gaji, sai na ɗora su bisa kawai na tara musu ƙasa. Su biyun nan ne nake jin kunyarsu. Aikin ragwanci.

Asabar, 18 ga Maris

Oga ya samu 'ya mace. Ya zo da biskit yana rabawa, idonsa jajir. Ya tsaya daga nesa ya dubi itatuwan ya ce, "Hannunka hannu ne." Na sunkuyar da kai kamar mai kunya, alhali daɗi nake ji.

Malam Zubair ya shimfiɗa tiyon ban-ruwa, ya saita taima, wato 'yar na'urar da ke buɗe ruwa ta rufe da kanta. Minti ashirin, sau biyu a sati. Shi Bazazzagi ne, ya kusa hamsin, Musyu yake ce mini don tsokana, wato malam da Turancin ƙasarmu. "Musyu, ku da ba ku da ruwa a ƙasarku, zo ka ga yadda ake ba shi umarni." Gwiwarsa ta dama ba ta da lafiya. Ya ce abin da yake so da aikin nan shi ne ana tashi da la'asar, yana samun ɗauko yaransa uku daga makaranta, don matarsa Hafiza aikin yamma take yi.

Asabar, 22 ga Afrilu

Jiya Sallah. Yau mun je yankan ciyawa gidan Hajiya. Duk bakwai sun yi ganye, ƙanana, bakinsu kamar zarto, iska kaɗan sai su hau rawa. Na aika wa Baba hoto. Saura ƙiris in gaya wa Oga. Na ce bari su ƙara tsayi tukuna.

Talata, 30 ga Mayu

Kwana uku ana ruwa. Ganyen biyar ɗin ya ɗan koɗe. Wataƙila idona ne.

Talata, 13 ga Yuni

Ba idona ba ne.

Ina cire haki a gindin na uku, na tura hannu ƙarƙashin ɓawon. Ruwa har wuyan hannuna. Kwana biyu ke nan rabon da a yi ruwan sama, jiya kuma ba ranar taima ba ce. Ga wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Na duba sauran huɗun, duk haka.

A gida in ruwa ya cika tassa, kafin ka gama shan shayi ƙasa ta shanye. Ƙasar nan jan yumɓu ce, irin na ginin tukunya. Ranar da nake haƙa na ga yadda bangon ramin ke sheƙi inda shebur ya goga, har na ce kai, wannan da mata masu gini sun samu. Na gani da idona, ban yi tunani ba. Ashe randa biyar na gina, na sa itace cikin kowace.

Na mayar da ɓawon na rufe. Na wanke hannu a famfo sau biyu.

Laraba, 14 ga Yuni

Ban faɗa ba.

Alhamis, 6 ga Yuli

Zafi mai danshi, riga na manne wa mutum. Tun daga kai suke bushewa, reshen sama ya zubar da ganye, na ƙasa ya yi ɗorawa. Wanda ya fi kusa da hanyar mota shi ya fi jin jiki, don siminti na mayar masa da zafi da rana ta karkata. Abin da ya fi ba ni mamaki, itace yana tsaye cikin ruwa amma ganyensa na yaushi kamar mai ƙishirwa. Saiwar ce ta ruɓe, ba bakin sha.

Biyun da na yi wa aikin ragwanci kore shar. Har sun ƙara kamu ɗaya.

Oga ya taɓa saman ɓawon ya ji shi jiƙe sharkaf, ya kira Malam Zubair.

"Nawa ka sa taimar nan?"

"Yadda ka ce. Minti ashirin."

"To wa ke ƙarya, taima ko ganye?"

"Ka je ka duba mana, Oga."

"Yanzu ai za ta nuna daidai. Bara ma da ka cika wa matar nan fili da ruwa a Sedgefield, ka ce daidai ka sa."

Wancan kuskure ne na gaske, Malam Zubair ya amsa shi tun bara. Shi ya sa yau bai da bakin magana. Ni ina tsaye taku biyar daga wurinsu da injin hura ganye a bayana. Na kunna shi.

Laraba, 19 ga Yuli

Na zo da rodi a ɓoye na soka cikin ramukan, ko ruwa zai samu hanya. Yumɓu har ƙasa. Na zare rodin, hujin ya rufe kansa.

Talata, 25 ga Yuli

Ƙwaro ya shiga. Ƙananan huji a jikin ɓawo, kowane kamar rabin wata, da kumburi a ƙarƙashi inda tsutsa ta bi. Na duba biyun sama tun daga gindi har inda hannuna ya kai, babu ko ɗaya. Ƙwaro ma ya san wanda ya raunana.

Juma'a, 4 ga Agusta

An sallami Malam Zubair.

Hajiya ta ce ba ta son ta ƙara ganinsa a gidanta. Ta ba ƙawayenta labari, gidaje biyu suka ce wa Oga kada mu ƙara zuwa. Oga ba mugu ba ne, a bayan kamiyo, motar kayanmu, ya ja shi gefe, muryarsa ƙasa-ƙasa. Amma na ji.

Na zaci Malam zai yi faɗa. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi. Sai ya cire hula ya share gumi, ya ce, "Wataƙila da gaskiyarka. Lambobin taimar nan ƙanana ne, ni kuma ido ya fara tafiya. Ko ɗari biyu na sa a maimakon ashirin, Allah masani."

Da zai shiga motarsa ya dafa kafaɗata. "Musyu, ka kula da biyun da suka rage. Aikinka ne na ɓata maka, ka yafe ni."

Na ce ba kome.

Ba kome, na ce masa. Da bakin nan nawa.

Juma'a, 18 ga Agusta

Bayan sallar Juma'a mutane sun taru wurin ajiye motoci ana hira. Na ji Muzammil mai tuƙin tirela yana cewa, "A ɓoye butoci, ga Sarkin Ruwa nan tafe!" Aka yi dariya, shi ma Malam Zubair ya yi, irin wadda ba ta kai ido ba. Ya samu aiki a wani sito a Wendover, tsayuwa awa goma ana ɗaga kwali. Ya ɗaure gwiwar, yana jan ƙafa. Yaran yanzu maƙwabciya ke ɗauko su.

Na laɓe bayan wata babbar mota har ya tafi.

Lahadi, 10 ga Satumba

Baba ya aiko murya. Gero ya yi kyau bana. Ya tambayi itatuwan Turawa. Na ce suna nan.

Suna nan ɗin kuwa, a tsaye. Biyar ba ganye ko ɗaya.

Asabar, 14 ga Oktoba

Mun hau tsauni ni da Oga, ɗauko biyar da za a maye gurbi. Ya ce yanzu da zafi ya karye ne lokacin dashe mai kyau. Ban taɓa zuwa ba.

Hanya tana murɗewa, kunnena ya toshe. Mun bar Greensboro da riga ɗaya, can sama sai da na aro rigar sanyin Oga. Gajimare ya sauko har kan titi, muna ratsa shi, gilashi na jiƙewa ba tare da an yi ruwa ba.

Na roƙe shi ya tsaya a wani wuri da ake tsayawa kallo. Shi yana waya, ni na ɗan shiga cikin itatuwa. Sai ga su a gidansu.

Abin da na gani, don kada in manta. A gefen tsaunin da rana ke duka ba su da yawa, wasu itatuwa ne suka cinye wurin. A gefen inuwa, mai sanyi, nan suka taru. A ƙasa-ƙasa, cikin kwazazzabo inda iska ba ta kai, dogaye ne miƙaƙƙu, sai ka ɗaga kai hula ta faɗi. Kana hawa suna gajarcewa. Can ƙoli sun zama guntaye masu doro, duk sun karkata gefe ɗaya, wajen da iska ke tura su, ganyensu ma ya riga na ƙasa zubewa. Iri ɗaya ne, wuri ne ya bambanta su.

Amma saiwar ita ta tsayar da ni. Ko ɗaya ban ga wanda ke cikin rami ba. Wani a kan dutse yake zaune, saiwoyinsa sun rungume dutsen kamar yatsu a kan ƙwarya, a fili, kana iya zama a kansu. Na tura hannu cikin ƙasar wurin. Baƙa ce, mai laushi kamar soso, ruɓaɓɓen ganye ne zalla, sanyi kamar daga firiji. Da danshi ko'ina, amma ba inda ruwa ya kwanta. Yana zuwa yana wucewa.

A pepiniye, inda ake renon itatuwan, wani tsohon Bature ne mai gemu. Oga ya ba shi labarin biyar ɗin, yana fassara mini abin da ban kama ba. Tsohon ya ce a Greensboro ko an yi kome daidai rayuwarsu da wuya, don zafi na dafa saiwa, saiwar kuwa a sama-sama take yawo. Ya durƙusa ya share ƙasa daga gindin wani ƙarami, ya nuna mana inda jikin ke buɗewa ya zama saiwa. Ya ce wannan wuyan dole ya sha iska. In ba ka ganinsa, ka binne itace da ransa.

Oga ya ce, "Wannan ba matsalarmu ba ce. Wanda ya dasa su ga shi nan, ya san aikinsa." Ya buga bayana.

A hanyar dawowa ya ce ranar Litinin yana da aiki a Sedgefield. In je ni kaɗai in tumɓuke matattun, in cike ramukan, in dasa sababbi. "Kai ba sai an tsaya a kanka ba."

Wato in na so, kafin azahar ranar Litinin ba sauran shaida.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Na wanke kaya. Na share ɗaki sau biyu.

Litinin, 16 ga Oktoba

Na isa da safe. Na ɗauki shebur na tsaya gaban na farko, na daɗe. Sai na ajiye shi na ɗauki manjagara. Na yaye ɓawon daga gindin biyar ɗin duka, na bar su tsaye cikin ramukansu, kowane ya nutse fiye da kamu ɗaya, baƙin ruwa a gindi. Na kira Oga na ce ya zo, ba a waya ba. Na ƙwanƙwasa wa Hajiya, ta dawo daga aiki ke nan, da kayan asibiti a jikinta.

Abin da na ce ban riƙe shi duka ba. Na dai faɗi tassa, na faɗi Baba, na ce taima ba ta taɓa yin ƙarya ba.

Oga ya sa ƙotar shebur cikin rami ya auna, ya ɗago ya duba. Ya je wurin biyun sama ya share gindinsu da ƙafa. Ya dawo.

"Yaushe ka gane?"

Nan ne na so in ce shekaranjiya, a kan tsauni. Kalmar ta zo har haƙorana.

"Tun Yuni."

"Yuni." Ya ƙirga da yatsu, a hankali, ina kallo. "Ranar da nake sallamar mutumin nan kana ina?"

"Ina nan, Oga."

Hajiya ta zauna a kan matakala ta ce innalillahi. "Ni da na bi ƙawayena ɗaya-ɗaya da sunan bawan Allah. Kai yaro, ka ɗora mini alhaki." Ta shiga ciki, ina jin ta fara kiran waya tun ba ta rufe ƙofa ba.

Oga ya ce, "Ramin, na yafe. Kowa da abin da ubansa ya koya masa, ni ma da an kai ni ƙasarku da tudun doyata, da na kashe muku gona. Amma wata huɗun nan da ka yi shiru ba nawa ba ne. Ka san mai su."

Bai kore ni ba. Na so ya kore ni, da an gama.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Bayan sallar Juma'a na jira har aka taru wurin motoci, Muzammil da su Alhaji Faruk, dattijon masallacin, duk suna nan. Na gaida Malam Zubair, na ce ina da magana, kuma a gaban mutane nake so, tunda a gaban mutane aka yi masa dariya.

Oga ya riga ya kira shi tun Litinin, ya sani. Duk da haka ya bar ni na faɗa tun daga farko har ƙarshe, bai taimake ni da kalma ɗaya ba. Muzammil yana ta duban makullinsa.

Da na gama Malam Zubair ya cire tabarau daga fuskarsa. Sai a lokacin na lura da shi, da can ba ya sawa.

"Ka ga wannan? Saboda kai na je aka auna mini ido. Likita ya ce idona ba laifi sosai, na ce masa ƙarya ne, ya dai ba ni. Wata biyu ko murhu zan kunna sai na kira Hafiza ta duba mini lamba." Ya ninke shi ya sa a aljihu. "Aiki ana samun wani, Younoussa. Amma ka sa na daina yarda da kaina."

Younoussa ya ce, ba Musyu ba.

Alhaji Faruk ya ce a yi haƙuri, yaro ya zo da kansa. Malam Zubair ya ce ya ji. Na miƙa hannu, ya riga ya juya.

Na ji cewa a waya Oga ya ce masa wurinsa na nan duk ranar da ya so. Malam ya ce zai yi tunani.

Alhamis, 26 ga Oktoba

Mun fasa randunan ni da Oga, mun cike, mun matsa da dashen sama kusa da biyun nan. Kowane a kan tudu, wuya a waje. Oga ya duba su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa. Ban ga laifinsa ba.

Saura taima. Oga ya ce in saita. Na durƙusa gabanta, maɓalli huɗu ne kawai, na ga yadda ake yi sau da yawa, zan iya kintata. Na rufe murfin. Na aika wa Malam Zubair saƙo na ce ban san nawa ake sawa da kaka ba, in ya ga dama ya gaya mini.

Ya buɗe saƙon. Bai amsa ba.

Laraba, 1 ga Nuwamba

Ya aiko murya yau da hantsi. Ba sallama, ba gaisuwa, ana jin ƙarar injin ɗaga kaya a bayansa.

"Minti goma sha biyar, sau ɗaya a sati. Ranar da aka yi ruwan sama ka tsallake. In an ce sanyi zai daskarar da ruwa, ka kashe, ka zazzage tiyon. Kada ka ƙara kome daga kanka." Na zaci ya ƙare, sai ya ƙara da cewa: "Asabar zan biyo in duba. Ba don kai ba, tiyon ni na shimfiɗa shi."

Na sa goma sha biyar. Saman ƙasar ya yi mini kamar ya bushe, hannuna ya so ya ƙara biyar. Na tura yatsa, akwai danshi. Na bar ta yadda ya ce.